Kuskuren Malama Nélida

Jumma'a, 8 ga Maris, da hantsi

Tun jiya da la'asar aka ɗauke wuta, har yanzu shiru. Mu a garinmu Mérida ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne, amma maƙwabcinmu Don Ciro, mai rediyon batir, ya ce wannan karon ƙasar ce gaba ɗaya ta yi duhu. Waya ba ta shiga, famfo ya ƙafe, kwamfutata ta mutu. Shi ya sa na ɗauko biro, don kada hannuna ya zauna haka nan.

Saura sati uku in kare kundina na digirin dakta a gaban kwamiti, ranar 28. Ba halin ɗagawa. Farfesa Hermes Rangel zai bar ƙasar a ƙarshen wata, idan kuwa ya tafi babu mutum na uku da zai zauna a kwamitin, duk waɗanda suka san fanninmu sun watse. Ni dai na gama nawa, an buga kundin tun watan jiya. Abin da ya rage in tsaya gaban allo in yi bayani, in dawo in haɗa kayana.

Jiya ce ranar da nake kiran Lima, can ƙasar waje. 'Yata Maite tana can wajen babanta, mijina Wilmer, tun bara. Haka muka tsara, su yi gaba, ni in ƙarasa in bi su. Shekararta huɗu. Kiran bai samu ba.

Asabar, 9 ga Maris, da yamma

Kowane gida ya fito da naman da ke cikin firji kafin ya lalace. An hura itace a tsakiyar layi, ana ta gashi. Ban taɓa ganin unguwarmu Santa Juana ta ci nama haka ba, kowa na ci yana tsaki.

Don Ciro ya hango ni ya ce, "Dakta, ke ce mai lissafi, lissafa mana yaushe wuta za ta dawo."

Na ce, "Ban zama dakta ba tukuna, Don Ciro."

"Ashe shi ya sa ba ki sani ba."

Mama ta zauna kusa da ni tana fifita wuta, ta ce, "Yelitza, shekara biyar mutane na tambayata me kike karantawa. In ce lissafi, su ce na banki? Faɗa mini yadda zan gane."

Na ce mata akwai lambobi masu taurin kai, ba abin da ke raba su daidai sai su kansu ko ɗaya: biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku. Kowace a cikinsu mu p muke ce mata. Ɗauki biyar. Ga mata goma a layin nan, ana son biyar su je ɗiban ruwa. Hanyoyin zaɓensu ɗari biyu da hamsin da biyu ne. Cire biyu, saura ɗari biyu da hamsin. Biyar za ta raba shi daidai, ta sake raba abin da ya fito, ta sake, har hawa uku. Ɗauki bakwai cikin sha huɗu: 3432, cire biyu, bakwai ma ta raba shi hawa uku. Haka kowace p take yi daga biyar zuwa sama, har abada. Wannan an san shi tun zamanin kakannin kakanni. Ni aikina, wani jerin lambobi ne dabam da aka san yana rabuwa hawa biyu, na kafa hujjar cewa har hawa na uku yana kaiwa.

Mama ta ce, "Wa ya sa su yin haka?"

"Ba wanda ya sa su, Mama."

"Ikon Allah. To ruwan dai ke za ki je ki ɗebo."

Lahadi, 10 ga Maris, da safe

Babu wuta. Babu Lima.

Litinin, 11 ga Maris, da yamma

Malama Nélida Monsalve ta zo gidanmu.

Ita ce mai duba aikina. Shekararta saba'in da ɗaya, gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa, gidanta kuma can saman tudu ne, a unguwar Milla. Ba mota a gari, ba mai. Da ƙafa ta gangaro, da sandarta, da laima, da kundina a hammata. Mama ta ruɗe, ta ɗora kofi, amma Malama ta ce a jira tukuna.

"Dugarte, zauna." Da sunan gidanmu take kirana tun ina aji ɗaya a jami'a. "Akwai rami a kundinki. Ni na haƙa shi."

Babi na uku, zuciyar aikin, ya hau ne kan wata ƙaramar ƙa'ida da ita Malama ta wallafa shekara ashirin da biyar da suka wuce. Da ita ta yi suna. Duk mai aiki a fanninmu ɗauka yake ya yi amfani da ita, ba mai dubawa, ni ma ban duba ba. Ta ce da aka ɗauke wuta ba ta da abin yi, sai ta zauna bakin taga tana bin tsohon aikinta da fensir. A layi ɗaya ta yi rabo da wata lamba, ashe a wasu wurare p tana ɓoye cikin lambar. In ka raba da p kuwa ka ci hawa ɗaya. Ƙa'idarta a hawa na biyu ta tsaya, ba ta kai na uku ba.

Na ce, "Amma Malama, na gwada a kwamfuta. Dubban lambobi, duk sun fita."

"Mai yiwuwa abin da kika faɗa gaskiya ne. Hujjarki ce ba ta da ƙafa. Gwaji ba hujja ba ne, ni na koya miki."

"To in tsaya a hawa na biyu?"

"Hawa na biyu wasu sun yi shi tun kina sakandare. Ba kundi a nan."

Na dubi ƙasa. Na ce, "Wa ya sani?"

"Ni da ke." Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. "Na ga abin da ke ranki. A'a."

Sannan ta karɓi kofin, ta yaba wa Mama, ta ce gobe za ta dawo, in share tebur. Na raka ta bakin layi.

Talata, 12 ga Maris, da sassafe

Shekara ashirin da biyar ba wanda ya gani. Sati biyu kawai ya rage ta ƙara yin shiru. Sati biyu.

Da yamma

Ta zo. Mun yi aiki har rana ta faɗi. Ɓarnar ta fito fili yanzu: akwai 'yan guntaye da suka zube a wuraren da aka yi rabon, dole mu nuna cewa in an tara su ba su hana hawa na uku. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta zana da'ira a kan layin da ta yi kuskuren, ta rubuta a gefe da jan fensir, "ƙarya ne, N.M.", kamar tana gyara aikin ɗan aji ɗaya.

Ina jin haushinta. Amma ban taɓa ganin mai riƙe fensir kamarta ba. Ba ta tsallake layi. Ko biyu sau uku ne sai ta rubuta shida ta dube shi.

Laraba, 13 ga Maris, da azahar

Wuta ta leƙo. Duk layi ya ɗau ihu, kowa ya ruga neman soket. Na samu Lima.

Wilmer ya faɗi abin da ya faɗa a kan aurenmu. Ba zan rubuta shi ba.

Ya miƙa wa Maite wayar. Na ji yana cewa, zo ki gaisa. Ta zo ta ce, "Sannu, Yelitza." Ba ta ce Mama ba. Ta gudu.

Kafin Malama ta iso na wanke fuskata.

Jumma'a, 15 ga Maris, da yamma

Malama ta ce dole Farfesa Hermes ya ji, tunda yana cikin kwamiti. Mun samu wata motar kayan lambu ta rage mana hanya zuwa sashen lissafi na jami'a. Muka tarar da shi a ofis yana ɗaure littattafai da igiya, yana raba wa duk wanda ya leƙo. Shi da Malama tun suna ɗalibai suke faɗa, ba su gaji ba.

Ya saurara, ya shafa sanƙonsa, ya ce, "Nélida, ke lafiyarki ƙalau kuwa? Ƙasa ta rushe, mutane na wanka da ruwan rafi, ke kina makoki kan p guda ɗaya."

"Ƙasar ba ni na rushe ta ba, Hermes. Wannan p ɗin kuwa ni na ɓatar da ita."

"Kwamfuta ta ce gaskiya ne. Mu sa hannu, yarinya ta tafi, ta gyara daga can. Wa zai sani?"

"Duk wanda ya ɗauki aikinta ya gina nasa a kai, shi zai sani, ranar da ya rufta da shi. Kamar yadda nawa ya rufta da ita."

"Yarinyar nan tana da 'ya a wata ƙasa!"

"Na sani. Na san sunanta, na san ranar haihuwarta. Ba zan tura uwarta waje da ruɓaɓɓen kundi ba, ta tsaya gaban baƙi wani ya ɗaga hannu ya kwance mata zani a kasuwa."

Farfesa Hermes ya juyo gare ni. "Ke kuma kin yi shiru. Wannan tsohuwar tun tana budurwa haka take. Ta taɓa mayar wa malaminmu maki, wai ya ƙara mata da yawa."

"Ya ƙara mini," in ji Malama.

Ya ce shi dai ranar 28 yana nan, ranar 30 ba ya nan, mu san yadda za mu yi. Da za mu fita ya tura mini wani littafi mai kauri kan lambobin Bernoulli, ya ce in ɗauka ko don hura wuta.

Lahadi, 17 ga Maris, da rana

Na bi layin ruwa a gangaren rafi. Ina tsaye da jarka ina tara guntayen a kaina. Matar da ke bayana ta taɓa ni ta ce, 'yar nan, da wa kike magana?

Litinin, 18 ga Maris, da yamma

Malama ta zo da dabara: a naɗe jimlar kamar tabarma, a haɗa na farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, ko guntayen za su cinye juna. Mun bi ta tun hantsi. Yawancinsu sun cinye juna, amma wani abu ya rage, dogo, mummuna, ya ƙi tafiya. Ta dube shi ta ƙyalƙyale da dariya, har da buga tebur.

"Dubi ɗan banza! Ya fi ni wayo."

Ni ban ga abin dariya ba. Ita kuwa in lissafi ya kayar da ita daɗi take ji, kamar mai dara da ya samu abokin wasa na gaske.

Mama ta lura gwiwarta ta kumbura. Ta dafa ruwa da gishiri, ta durƙusa tana gasa mata da tsumma, tana faɗa.

"Malama, ke ba ki da 'ya'yan da za su hana ki wannan yawon?"

"Ina da su, Doña Edicta, goma sha ɗaya. Duk daktoci ne, duk suna waje."

"To su aiko miki da mota."

"Cewa suke in bi su. In na tafi wa zai koya wa 'yan aji ɗaya?"

Na ce daga gobe ni zan riƙa hawa Milla. Ta ce a'a, wanda ya zubar shi ke kwashewa.

Talata, 19 ga Maris, da yamma

Ba mu ci gaba ba.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

Ba mu ci gaba ba. Wuta ta zo ta koma. Ban kira Lima ba. Wilmer ya san lambata.

Alhamis, 21 ga Maris, da magariba

Yau na yi abin kunya.

Na kawo wata hanya da na kwana biyu ina bi, ina ganin ta ɓulle. Malama ta karanta, ta kai layi na ƙarshe, ta koma tsakiya ta ɗora yatsa. Irin kuskurenta na yi, sak. Na raba da abin da p ke ciki. Ta ce, "Kin ga? Ramin yana da daɗin faɗawa."

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce mata ita ba ta da wanda ke jiranta. Na ce a kan sunanta take wannan duka, ni da 'yata mu ne itacen da take hura wutar. Na faɗi wasu abubuwan ma. Mama ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya.

Malama ta bari na gama. Ta tattara fensiranta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Na farkon gaskiya ne. Na biyun ki sake dubawa." Ta yi wa Mama sallama ta fita.

Mama ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Jumma'a, 22 ga Maris, da azahar

Ba ta zo ba.

Asabar, 23 ga Maris, da yamma

Na hau Milla. Ban san tudun nan haka yake ba sai yau. Ni mai shekara talatin da uku sai da na tsaya na huta a dandali, ita kuma kullum take hawansa da yamma bayan ta wuni a kan tebur.

Na tarar da ƙofa a buɗe. Tana zaune bakin taga, ƙafar a kan kujera, gwiwar ta yi kamar kabewa. Jiya ta yi ƙoƙarin fitowa, ta kai bakin ƙofa ƙafar ta ƙi. Takardu sun rufe tebur, duk aikina ne.

Na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga hannu. "Dugarte, in kin zo kuka ne, akwai coci a ƙasan layi. In kin zo aiki, ga kujera."

Na shiga madafarta in dafa mana wani abu. Garin masara kaɗan, mazarƙwaila rabin dunƙule, kofi a gindin gwangwani. Shi ke nan. Ashe abincin da Mama ke tilasta mata a gidanmu shi ne abincinta na ranar. Na yi mana arepa biyu, wainarmu ta masara. Ta ce ta yi kauri.

Muna ci ta ce, ba ta dube ni ba, "Ranar da na gano, na wuni a kujerar nan ina neman hanyar da zan yi shiru. Kada ki ɗauka ban nema ba. Na tuna Maite. Ban samu hanyar ba, shi ke nan."

Lahadi, 24 ga Maris, da safe

Mama ta cika kwano da miyar dankali da madara, ta ɗaure a tsumma, ta ce in kai wa tsohuwar can mai taurin kai. Ta soma yi mini magana ke nan.

Litinin, 25 ga Maris, da la'asar

An sake ɗauke wuta a ko'ina, amma yau ban damu ba.

Malama ta gaji da rana, ta yi gyangyaɗi a kujera. Ni kuma na koma kan dabararta ta naɗe tabarma, wadda muka yar tun satin jiya. Na ce bari in daina ƙoƙarin korar abin da ya rage, in dube shi in ga ko wane ne. Na rubuta shi a kan p biyar, na rubuta a kan bakwai, a kan sha ɗaya. Sai na ga kamar na san fuskarsa. Na jawo littafin Farfesa Hermes daga jaka. Shi ne. Duk wannan dogon mummunan abu, in an tattara shi, wata lamba ce da aka ninka da ɗaya daga cikin lambobin Bernoulli, wadda ke zaune a gurbi na p cire biyu.

P mara ce, ba cika ba. In an cire mata biyu, mara ce har yanzu. Lambobin Bernoulli kuwa duk wadda ta faɗa gurbin mara, daga uku zuwa sama, sifiri ce. Kowane ɗalibi ya san wannan.

Sifiri. Abin da ya hana mu barci sati biyu sifiri ne ya sa babbar riga.

Na tashe ta. Ta gyara tabarau, ta karanta a hankali, ta sake karantawa. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Bar mini shi. Je ki gida. Kada ki yi murna tukuna."

Na gangaro ina murna.

Talata, 26 ga Maris, da yamma

Na same ta idanu jajur, tebur cike da sababbin takardu. Ta bi kowane layi, ta gwada da hannu a kan sha uku da sha bakwai, ta duba kowane rabo ko p na ɓoye a ciki.

Ta ce, "Tun jiya nake neman in karya shi. Na bi ta gaba, na bi ta baya. Ya ƙi." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ya fi nawa kyau, Dugarte. Nawa ko da ya yi daidai bai kai wannan ba. Ni na ga mummunan abu na gudu, ke kin tsaya kin tambaye shi sunansa."

Shekara goma sha biyar ina gabanta, yau ne ta fara yaba mini. Na rasa inda zan sa idona, sai na tashi na wanke kofuna.

Babu injin bugawa. Da hannu zan kwafe sabon babin, kwafi uku.

Laraba, 27 ga Maris, da yamma

Yatsuna sun ƙage. Na gama.

Alhamis, 28 ga Maris, da magariba

Babu wuta, don haka aka buɗe tagogin babban aji duka. Don Ciro ya samo mai, ban tambaye shi daga ina ba, ya ɗauko Malama da Mama a tsohuwar motarsa. Ɗalibai kaɗan sun zo. A teburin kwamiti ga Malama, ga Farfesa Hermes, ga Farfesa Albornoz, shugabar sashe.

Kafin a ba ni alli Malama ta nemi izini. Ta dafa tebur ta miƙe, ta ƙi yarda a riƙe ta. Ta juya wajen ɗaliban, ba wajen kwamiti ba.

"Da yawanku na koya muku wata ƙa'ida mai sunana. Ku je ku soke ta a littattafanku. Akwai kuskure a ciki, ni na yi shi, ya kuma zauna shekara ashirin da biyar saboda kun yarda da ni fiye da yadda ya kamata. Kada ku sake. Ni na jefa wannan kuskuren cikin aikin ɗalibata, ban gano ba sai da ya rage kwana kaɗan ta kare shi. Ni na kasa gyarawa. Ita ta gyara. Yanzu ku saurare ta."

Wata yarinya a baya ta buɗe baki ta manta ba ta rufe ba.

Na yi bayani. Da na iso wurin da dogon abin ya zama sifiri, Farfesa Hermes ya buga cinyarsa ya ce, "Kai! Da littafina!" Aka yi dariya. Na ɗauka an gama. Ashe Malama ba ta fara ba. Ta yi mini tambayoyin da ba ta taɓa yi mini ba, ta sa na koma allo, ta ce me zai faru in p uku ce, me ya sa hujjar ba ta kai hawa na huɗu ba. Gumi ya jiƙa mini riga. Na ji Mama tana ce wa Don Ciro, "Wannan matar miyata ta sha fa."

Suka fitar da mu, suka kira mu. Farfesa Albornoz ta karanta hukunci. Ban ji rabinsa ba.

A waje Don Ciro ya cire hula ya rusuna. "Dakta. To yanzu yaushe wuta za ta dawo?"

Farfesa Hermes ya rungume Malama, ya ce, "Muguwar tsohuwa. Wa zan riƙa faɗa da shi a can?" Ta ce ya sake ta, zai karya mata ɗaya gwiwar. Amma ba ta ture shi ba.

Asabar, 30 ga Maris, da rana

Na samu Lima. Na ce ina tafe. Wilmer ya ce to, shi ke nan. Ban san abin da zan tarar ba. Maite ta ce in zo mata da 'yar tsanarta mai jar riga. Ta tuna da ita. Na juye ɗaki sai da na gano ta.

Litinin, 1 ga Afrilu, da yamma

Gobe da asuba zan hau motar kan iyaka. Na je sallama.

Na same ta bakin taga tana shirya darasin 'yan aji ɗaya, ƙafar a cikin roba da ruwan ɗumi. Ta riga ta rubuta wa mujallar da ta buga tsohon aikinta cewa a janye ƙa'idar, tana jiran wuta ta aika. Na tambaye ta ɗalibai nawa suka rage mata. Ta ce shida, ɗaya tana da kai, sai dai tana gaggawa.

Na ce in na zauna zan nema mata hanya, ko don a duba gwiwar. Ta ce, "Kin zama ta goma sha biyu ke nan. Duk haka kuke cewa."

Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu. Sai kawai na durƙusa gabanta, kamar yadda muke yi wa iyaye in za mu yi tafiya, na ce, "Malama, sa mini albarka."

"Dugarte, kin san ni ba mai zuwa coci ba ce."

"Na sani."

Sannan na ji hannunta a kaina, mara nauyi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ya haɗa ki da 'yarki lafiya." Ta janye hannun ta share maƙogwaro. "Tashi, kina tare mini haske."

Na fito. Sai da na kai kwanar layi na waiwaya. Tana tsaye a bakin ƙofa ba sanda, ƙafa a jiƙe, ta dafa bango. Da ta ga na tsaya, sai ta kaɗa mini hannu irin na korar kaji.